Shin koyar da Faransanci da aikin fassara za su iya riƙe gida a Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai da 'yan'uwa na wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Shawara na zo nema a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, domin na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya.

Faransanci na karanta a jami'a, na kuma yi zaman da ake yi a Ƙauyen Faransanci na Badagry kamar yadda tsarin karatun ya tanada. Da na gama hidimar ƙasa sai na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan cikin Katsina, inda nake ɗaukar azuzuwan ƙaramar sakandare. Albashin da ake ba ni bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, alhali ina da iyali, kuma kowa ya san yadda farashin abinci da na mai suka koma. A bayan fage, mutane sukan kawo mini takardun da aka rubuta da Faransanci daga Nijar domin in mayar musu da su Turanci, wasu iyaye kuma sukan kira ni in yi wa 'ya'yansu lesin idan jarrabawa ta matso. Wani watan abin da nake samu ta wannan hanya yakan zarce albashin, wani watan kuma ko kuɗin man babur ba ya fitowa.

Yanzu ina tunanin in ajiye aikin makarantar in tsaya da ƙafata, in riƙa koyarwa da fassara kawai. Abin da nake son sani shi ne, shin kasuwar wannan aiki a Katsina ta isa ta riƙe magidanci, ko kuwa sai mutum ya koma Kano ko Abuja? Sannan yaya ake yanka farashi? Ni dai nauyin baki yana hana ni faɗin kuɗi, musamman idan mai aikin ya ce ai takarda ɗaya ce kawai, ko ya ambaci sunan wani babba da ya turo shi. Haka nan ina jin ana maganar aikin fassara ta intanet da ake biya da dala, amma ban san gaskiyar abin ba, kuma ina jin tsoron kada na'ura ta riga ta cinye wannan sana'a tun kafin in shiga. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malami, Daura ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na koyar da Faransanci har na yi ritaya, kuma har yau ana kawo mini takardu gida, saboda haka zan yi maka magana a kan ɓangaren takardun, in bar wa matasa maganar intanet.

Shawarata ita ce kada ka ajiye aikin makarantar yanzu. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk aikin da ya shigo, da wanda ya kawo shi, da abin da ya biya, da lokacin da aikin ya ci maka, har shekara ta zagayo. Dalilina shi ne kasuwar takardu a wannan yanki namu a ɗaure take da iyaka, iyaka kuwa ba a hannunka take ba. Duk wanda yake wannan aiki ya tuna yadda abubuwa suka tsaya sa'ad da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma yadda aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai a Maris na 2024. Idan zirga-zirga ta ragu a Jibiya da Kwangwalam, to, takardun mota da na kaya da na makaranta su ma raguwa suke yi. Wanda ya ga wata uku na alheri ya ɗauka haka shekara take, zai sha mamaki. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, kuma ina kyautata zaton zai ƙara wa mai Faransanci daraja, amma ba a ciyar da iyali da abin da ake jira.

Game da ingancin aikin kuwa, a nan ne mutum yake yin suna ko ya zubar da shi. Mafi yawan abin da za a kawo maka takardar haihuwa ce, da shaidar aure, da sakamakon jarrabawa, da takardar shaidar kammala karatu ta ɗaliban da suka yi jami'a a Maraɗi ko Yamai ko Kwatano, sai kuma rahoton asibiti jefi-jefi. Waɗannan takardu gajeru ne, shi ya sa masu su suke raina aikin, amma kuskure ɗaya a cikinsu yana iya sa a mayar da mutum daga Abuja. Kada ka taɓa gyara rubutun suna. Idan an rubuta Mahamadou ko Ousmane, haka za ka bar shi, ko da kai a nan Muhammadu da Usman ka sani, domin wanda zai duba takardar da fasfo zai gwada ta, ba da saninka ba. Makarantun da suke bin tsarin Faransa a kan 20 suke ba da maki, to, idan ɗalibi ya ci 12 cikin 20, haka za ka rubuta, ba aikinka ba ne ka mayar da shi A ko B, ko ka ce digirinsa ya yi daidai da mataki kaza na jami'o'inmu. Wannan hukunci na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne, ita take tantance takardun karatun waje. Ka lura da lambobi kuma, domin Bafaranshe waƙafi yake sawa a inda mai Turanci yake sa ɗigo, ta yadda 12,50 a wurinsa sha biyu da rabi ne. A takardar kuɗin kaya, rashin lura da wannan yana iya jawo rigimar da ba ta ƙarewa. Hatimi da sa hannu da rubutun gefe duk sai ka ambace su a fassarar, wurin da ya goge kuma ka rubuta cewa ba ya karantuwa, kada ka cike shi da zato.

Akwai wani abu da matasa suke mantawa. Kafin ka karɓi takarda, ka tambayi mai ita inda zai kai ta, ka kuma sa ya tambayo ko wurin yana karɓar fassarar mutum mai zaman kansa. Wasu ofisoshin jakadanci da wasu jami'o'i ba sa karɓa sai daga cibiyoyin da suka amince da su, wasu kuma sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Idan ka karɓi kuɗin mutum alhali fassararka ba za ta yi masa amfani ba, to, shi da danginsa duka ka rasa su. Gara ka gaya masa gaskiya ka nuna masa hanya, gobe zai dawo da wani aikin. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka da hukumar CAC, ka yi hatimi da takarda mai ɗauke da adireshinka, ka kuma nemi shiga ƙungiyar masu fassara da tafintoci ta ƙasa, wato NITI. Waɗannan ba su ne ilimin ba, amma su ne suke sa ma'aikacin ofis ya dubi aikinka da mutunci.

Sai gargaɗi ɗaya. Wata rana wani zai zo maka da fara'a ya ce ka rage masa shekara biyu a takardar haihuwa, ko ka ɗaga masa maki kaɗan, ya kuma ninka maka kuɗi. Sunanka ne a ƙasan takardar, kai za a nema idan asiri ya tonu.

Malama daga Ƙofar Ƙaura ta rubuta:

Assalamu alaikum. Baba na Daura ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma. Sai dai da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya, domin ni na ajiye aikin makaranta, kuma ban yi nadama ba. Abin da na fahimta shi ne takardu ba za su riƙe gida ba, amma koyarwa tana iya riƙewa idan an tsara ta, saboda ita ce take kawo kuɗin da mutum ya san ranar shigarsa.

Malam, ka fara duba waɗanda kake koya wa. Lesin yara yana da iyaka a garin nan, domin yaro yana boko da safe, yana Islamiyya da yamma, abin da ya rage maka shi ne bayan magariba, sai kuma Alhamis da Juma'a da ba a zuwa Islamiyya. A wannan ɗan lokaci kai da malamin lissafi da na Turanci kuke takara, kuma idan aljihun uba ya matse, Faransanci ne darasin farko da zai yanke. Saboda haka manya su ne kasuwar. Akwai ma'aikatan lafiya da suke son aiki da ƙungiyoyin agaji na duniya, waɗanda da yawansu suke fifita mai harshe biyu. Akwai jami'an kwastan da na shige da fice da suke aiki a bakin iyaka. Akwai malaman jami'a da masu neman digiri na biyu da suke fatan samun gurbin karatu a Faransa ko Maroko, ga kuma masu neman tafiya Kanada, inda Faransanci yake ƙara wa mai nema maki. Yawancin waɗannan da safe ko da rana suke da sarari, wasu a ofisoshinsu, kuma wannan shi ne lokacin da kai kake cikin aji. Wannan ne dalilin da ya sa na ce riƙe aikin makarantar ma yana da nasa hasarar, ko da ba a ganin ta a takardar albashi.

Babba ba ya biyan kuɗi domin ya ji daɗin harshe, wata takarda yake nema. Don haka ka san jarrabawar DELF, wato jarrabawar shaidar iya Faransanci ta gwamnatin Faransa, ciki da waje. Matakanta huɗu ne, A1 da A2 da B1 da B2, a samansu kuma akwai DALF mai C1 da C2. A DELF ana gwada abu huɗu, sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana cin jarrabawar da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a ɗaya daga cikin huɗun ya faɗi ko da jimlarsa ta wuce hamsin. Mutanenmu galibi a sauraro suke faɗuwa, saboda a makaranta nahawu aka cusa musu, kunnensu bai saba da saurin maganar Bafaranshe ba. Ni ina sa ɗalibaina su saurari labaran RFI na sauƙaƙan Faransanci kullum, mu tattauna a kansu a farkon darasi. Shaidar DELF ba ta tsufa, amma ta TCF, wata jarrabawar gwada Faransanci daban, shekara biyu take yi, kuma yawancin jami'o'in Faransa matakin B2 suke nema. Ana rubuta waɗannan jarrabawa a cibiyoyin Alliance Française, mafi kusa da mu a Najeriya kuwa ita ce ta Kano. Idan kai kanka ba ka da shaidar B2 ko C1, ka je ka yi, domin digiri daban, wannan daban, kuma ɗalibi yana da haƙƙin ya tambaye ka.

Kada ka sa rai da yawa a kan 'yan kasuwa. Alhajin da yake kai kaya Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar Faransanci domin ciniki, da Hausa yake saye da sayarwa, da jaka yake lissafin sefa. Tun 2025 ma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai karanta masa takardar duwan, wato kwastan, ko yarjejeniyar haya, ko ya koya wa yaron shagonsa karanta su. Wannan darasi ne na 'yan makonni, ka tsara shi a haka, ka sayar da shi a haka.

Maganar farashi kuwa, nauyin baki ba ya warkewa sai da takarda. Ka rubuta farashinka ka buga shi, idan mutum ya tambaya ka tura masa ta WhatsApp, sai ya zama da takardar yake ciniki, ba da fuskarka ba. Ka fara da lissafin abin da gidanka yake ci a wata, ka ƙara kuɗin mai da data da buga takardu, ka raba da yawan awannin da za ka iya koyarwa da gaske, ba waɗanda kake fata ba. A ce buƙatarka naira 200,000 ce, kuma awa 50 za ka iya cikewa a wata, ka ga ke nan duk awar da ta gaza kawo naira 4,000 bashi take ɗora maka. Mutum ɗaya zai ga wannan kuɗi da yawa, amma idan ka haɗa mutum huɗu ko biyar a aji ɗaya, kowa ya samu sauƙi, kai kuma ka zarce abin da ka lissafa. Kuɗin wata a farkon wata ake biya. Wanda bai zo darasi ba kuma bai sanar da wuri ba, darasinsa ya wuce. Ka kuma tanadi wani abu domin watan azumi da lokacin aikin hajji, saboda aji yakan watse a lokutan nan, haya kuwa ba ta jira.

Mai Fassara, Sabuwar Unguwa ya rubuta:

Ina gaida Baba da Malama. Yaya, ni ta intanet nake samun mafi yawan aikina, saboda haka bari in amsa maka wannan ɓangare ba tare da ƙari ko ragi ba. Aikin gaskiya ne, dalar ma gaskiya ce, amma ba a inda kake zato take ba.

Idan ka shiga kasuwar duniya da Faransanci zuwa Turanci, za ka tarar da dubban mutane daga Faransa da Kanada da Kamaru da Ingila waɗanda ɗayan harsunan biyu nasu ne na haihuwa, kuma a tsakanin waɗannan harsuna ne na'ura ta fi ƙwarewa. A can kai baƙo ne a harsunan biyu. Abin da kake da shi wanda su ba su da shi Hausa ce. Kamfanonin fassara suna neman mai mayar da Turanci Hausa domin saƙonnin kiwon lafiya, da takardun neman amincewar masu shiga bincike, da manhajojin waya, da tambayoyin jin ra'ayin jama'a, da rubutun ƙasan bidiyo. Mai iya Faransanci zuwa Hausa kuwa ya fi ƙaranci, alhali ƙungiyoyin da suke aiki a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Faransanci suke rubuta takardunsu, mutanen da suke yi wa aiki kuma Hausa suke ji. Wannan gurbi naka ne idan ka gyara rubutun Hausarka.

Na ce idan ka gyara, domin jin Hausa daban, rubuta ta bisa ƙa'ida daban, kuma da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa gwajin kamfanoni Hausawa ne gaba da baya. Dole ka sa ɓ da ɗ da ƙ a mazauninsu, ka san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, ka kuma kiyaye Katsinancinmu kada ya kutsa cikin aikin da aka ce a yi da daidaitacciyar Hausa. Kullum ka tambaya ko aikin na masu karatu a Najeriya ne ko na Nijar, saboda su ƴ suke rubutawa a inda mu muke rubuta 'y, kalmomin aro nasu kuma daga Faransanci suke, namu daga Turanci. Ka mallaki Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, ka kuma buɗe naka kundin kalmomi na kowane fanni, domin kada ka kira abu ɗaya da suna biyu a takarda ɗaya.

Game da na'ura, tun 2013 Google Translate ya sa Hausa, kuma daga lokacin zuwa yau abin ya inganta ƙwarai, bai kamata mu yaudari kanmu ba. Abin da ya canza shi ne yanzu kamfanoni da yawa na'urar suke fara bai wa aikin, sannan su turo maka ka gyara, su biya ka ƙasa da kuɗin fassara. Wani lokaci gyaran yana da sauƙi, wani lokaci kuma jimlolin suna da santsi amma ma'anar ta karkace, har gyaran ya fi sabon aiki cin lokaci. Kafin ka amince da farashi ka nemi a nuna maka wani yanki na rubutun. Akwai kuma sabon aiki na duba amsoshin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke bayarwa da Hausa, da naɗar murya, da rubuta abin da aka faɗa a faifai. Yana kawo kuɗi, amma yakan zo da yawa ya kuma ɗauke ba sallama. Haka ma aikin ƙungiyoyin agaji ya ragu sosai tun da Amurka ta yanke tallafin da take bayarwa a farkon 2025. Don haka ina goyon bayan Baba a kan cewa kada ka dogara da ƙofa ɗaya.

A wannan kasuwa da kalma ake lissafi, ba da shafi ba, kuma kalmomin rubutun asali ake ƙirgawa, abin da yake da muhimmanci a gare mu tunda fassarar Hausa takan fi Turancin tsawo. Mai fassara da ya zauna sosai yakan yi kalma 2,000 zuwa 2,500 a yini idan rubutun ba mai wuya ba ne, da wannan za ka auna wa'adin da za ka ɗauka. Ka buɗe shafi a ProZ, dandalin masu fassara, da LinkedIn, ka rubuta harsunanka da fannin da ka fi sani, sannan ka aika wa kamfanoni takardar neman aiki kai tsaye. Ka koyi manhajojin taimakon fassara, ka fara da OmegaT ko MateCat da suke kyauta, kafin ka kai ga Trados da memoQ. Gwajin kyauta bai kamata ya wuce 'yan sakin layi ba. Wanda ya turo maka shafi goma ya ce gwaji ne, aikinsa yake so ka yi masa a banza. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, ko ya ce ya turo maka fiye da haƙƙinka ka mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne. Kamfanonin kirki ma sukan ɗauki kwana 30 zuwa 60 kafin su biya, saboda haka aikin da ka yi yau ba shi zai sayi cefanen gobe ba. Ka buɗe asusun dala a banki da asusun Payoneer na karɓar kuɗi daga waje tun kafin aikin farko ya zo.

Dandalin koyarwa irin su Preply da italki ma suna nan, sai dai suna cire la'adarsu, kuma a can ma Hausa za ka fi sayarwa, ga ɗaliban jami'a da masu bincike da 'ya'yan Hausawa da aka haifa a waje. Ka shirya koyar da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda mu ba ma rubutawa amma baƙo ba ya iya magana sai da su. Ka kuma tuna gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida, wato darasin yammarsu tsakar darenka ne. Duk wannan ba zai yiwu ba sai da kwamfuta mai riƙe caji, da ƙaramar sola, da layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, domin wanda yake jiran aikinsa a Landan ba ya karɓar uzurin an ɗauke wuta.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na yanke shawarar zan nemi makarantar ta mayar da ni malamin wucin gadi mai zuwa kwana biyu ko uku a mako, in yi amfani da sauran ranakun wajen haɗa ajin manya da shirin jarrabawar C1, in kuma fara rubuta lissafin da Baba ya ce. Saura tambaya biyu. Wani lokaci ana kawo mini takarda ta Turanci a ce in mayar da ita Faransanci domin a kai Nijar, shin ya dace in riƙa karɓa? Sannan an taɓa neman in raka wani mara lafiya da ya zo daga Nijar da takardun asibitinsa domin in yi masa tafinta a gaban likita, ban san yadda ake sa wa irin wannan kuɗi ba, balle kuma idan ɗan'uwa ne ko maƙwabci.

Tsohon Malami, Daura ya amsa:

Ɗana, wannan tsari da ka zaɓa ya fi wanda na fara ba ka, kuma Malama ta yi gaskiya a kan maganar lokacin safe. Ka dai tabbata an rubuta sabuwar yarjejeniyar da makarantar, kada a rage maka albashi a bar maka yawan darussan yadda suke.

Game da mayar da rubutu Faransanci, ƙa'idar masu sana'ar ita ce mutum ya fassara zuwa harshen da ya fi ƙarfi a cikinsa. Takardu masu tsayayyen tsari, irin su shaidar haihuwa da wasiƙar gayyata da takardar kuɗin kaya, kana iya yi, musamman idan ka tara samfurin irinsu na asali daga Nijar kana duba yadda suke tsara nasu. Amma yarjejeniyar kasuwanci, ko takardar da za ta je gaban alƙali, ko rahoton da za a buga, kada ka sake su sai wani wanda ya yi karatunsa da Faransanci tun daga firamare ya duba maka. Ka nemi abokin aiki a Maraɗi ko Damagaram, ka riƙa biyan sa, ka sa kuɗin dubawar a cikin farashin tun farko. Shi ma zai riƙa turo maka nasa na Turanci.

Tafinta kuwa da lokaci ake yi mata kuɗi, rabin yini ko yini guda, kuɗin mota kuma daban, domin zaman jiran likita ma lokacinka ne. Ka karɓi takardun mara lafiyar tun daren ranar ka karanta, ka nemo sunayen magunguna na asali, saboda sunan da kamfani ya sa wa magani a Nijar sau da yawa ba shi ne na nan ba. A gaban likita ka faɗi abin da aka faɗa kawai, kada ka ƙara, kada ka sassauta labari domin tausayi, abin da ba ka gane ba kuma ka ce a maimaita. Abin da ka ji a ɗakin nan amana ce, ko matarka ba za ta ji shi ba.

'Yan'uwa da maƙwabta kuwa ba za ka rabu da su ba, kuma bai kamata ka rabu da su ba. Wanda ka ga ba shi da hali, ka yi masa domin Allah, ka gaya masa a fili cewa kyauta ka yi masa, ka kuma ambaci abin da ake biya, domin kada ya je ya gaya wa wasu cewa aikinka ba shi da kuɗi. Mai hali kuwa, ko da babba ne ya turo shi, ka karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya cika ragowar ranar da zai karɓi takardarsa.